Kwanso Shida a Aljihun Delbert Kovar

A gundumarmu ta yammacin jihar Nebraska a Amurka, inda shanu suka ninka mutane sau ashirin, babu wanda bai san tafiyar Delbert Kovar ba. Tun daga nesa za ka gane shi, don yana ɗan karkacewa hagu kamar mai ɗauke da bokitin ruwa a hannun dama. Ba ciwo ba ne. Libarba ce a ƙugunsa, shekara arba'in da takwas tana nan, har jikin ya koyi rama nauyinta da kansa.

An ba shi ita ranar da ya kama aiki a ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, yana ɗan shekara ashirin da biyar. Baƙa ce, mai ƙotar katako, tana cin harsashi shida a 'yar gangar da ke juyawa a cikinta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana mataimakin sherif, bai taɓa nuna bakinta ga ɗan Adam ba. Abin da ta kashe a tsawon aikinta bai wuce barewar da mota ta buge ba, sai saniyar da ta karye a kwazazzabo, sai wani kare da ya haukace a bayan makarantar firamare. Sauran aikin Del kuwa korar shanu daga titi ne, da kai mashaya gida, da tsayawa a ƙofar mutane da hula a hannu idan an yi hatsari a babbar hanya. Wannan na ƙarshe shi ake turawa kullum, don an ce shi ya iya yin shiru.

Da zamani ya juyo, ofis ya sayo fistol masu jikin roba, marasa nauyi, masu cin harsashi goma sha bakwai. Kowa ya karɓa yana murna. Del ya ɗauki tasa, ya juya ta, ya shinshina, ya mayar cikin kwali. Sherif na lokacin bai son hayaniya, ya ce a ƙyale shi da tsohuwarsa tunda yana cin jarrabawar harbi da ita. Da ya yi ritaya aka bar masa ita, aka haɗa masa da agogon bango wanda bai taɓa tafiya daidai ba.

To, akwai wata ɗabi'a da ta zo tare da bindigar, kuma ita ce dalilin wannan labari. Wanda ya koya musu harbi tun farko wani tsoho ne mai suna Ostrander, mutum mai ciwon baya da baƙin rai. Shi ke sake cika kwanson harsasai da albarushi a garejinsa don ofis, kuma ya tsani sunkuyawa. Sai ya kafa doka: idan ka harba shida, ka buɗe gangar, ka zazzage kwanson a tafin hannunka, ka zuba a aljihu, sannan ka sake loda. Duk wanda ya bari kwanso ɗaya ya taɓa ƙasa, shi zai tsince na kowa har rana ta faɗi. Shekara goma sha ɗaya Del ya yi a ƙarƙashin wannan doka. Daga baya masu ilimin abin suka ce ɗabi'ar banza ce, don ranar da aka yi arangama ta gaske, kana can kana adana tagulla wani zai aika ka lahira. Gaskiya suka faɗa. Sauran abokan aikinsa sun rabu da ita ba da wayonsu ba, don sabuwar fistol da kanta take tofar da kwansonta gefe. Del ne kawai ya rage, shi da hannunsa na hagu wanda ya haddace hanyar aljihu.

Wadda ta sha wahalar wannan ɗabi'a ita ce matarsa Arlene. Duk ranar wanki sai ta laluba wandonsa ta fito da su.

"Kai Del, ni fa matarka ce ko ma'ajin tagullar gwamnati?" haka take cewa daga ɗakin wanki, da murya yadda maƙwabta za su ji, da a ce suna da maƙwabta. "Wata rana injin nan zai mutu, kai zan sa ka wanke da hannu."

"Ki ajiye min, suna da amfani."

"Amfanin me? Tsohon da ke cika su ya shekara nawa a ƙasa?"

Amma ba ta taɓa zubarwa ba. Wata babbar kwalba ta ajiye a kan kanta, ciki take jefa su. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, a watan Maris, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. A kakar shekarar Del ya dawo daga harbi ya jefa wando a inji, sai ya ji ƙara, kwaram kwaram, kamar ana jifan kwano da tsakuwa. Ya kashe injin yana zaton ya lalace. Da ya leƙa ya gan su shida a ƙasan ruwan kumfa. Ya fashe da kuka a wurin. Ko ranar jana'iza bai yi kuka irin na ranar ba, kuma tun daga nan da kansa yake laluba aljihunsa kafin wanki.

Harbin da nake magana a kai na watan Oktoba ne. Tsofaffin ma'aikatan ofis da ke son ci gaba da riƙe katin ɗaukar bindiga na 'yan ritaya dole su zo sau ɗaya a shekara su nuna har yanzu hannunsu na nan. A watan Satumba wasiƙa ke zuwa, da tambarin ofis, da sunanka cikakke, da sa hannu na biro. Ana yin abin a tsohon ramin haƙar tsakuwa da ke kudu da gari. Shekarar da Del ya fara zuwa su tara ne. Harbin kansa bai cin awa guda. Abin da ke cin yini shi ne zaman da ake yi bayansa a shagon Twila, a babban teburin da ke kusa da taga, da gahawa da kolaci, wani ɗan burodi mai zaƙi da 'ya'yan itacen ceri a tsakiya, da gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba a kan wace bindiga ce ta fi dacewa mutum ya ɗauka.

Wendell Stroud, abokin sintirin Del na shekara ashirin, wata ƙatuwar fistol yake ɗauka irin ta sojojin da, kuma ya yi imani duk abin da bai kai ta kauri ba abin wasan yara ne. Benny Achterberg kuwa wata 'yar mitsitsiya yake ɗaurewa a idon sawu.

"Kai Benny, kafin ka sunkuya ka ciro wannan, ai ɓarawo ya ci abincin rana ya wanke hannu," in ji Wendell.

"Kai kuma taka sai ta zame maka wando a gaban coci."

"Ku tambayi Del mana," in ji wani daga cikinsu. "Kai Del, in mutum bakwai suka tare ka, yaya za ka yi da na bakwai ɗin?"

"Sai in tambaye shi lafiyar babarsa," in ji Del. "Duk wanda ke gundumar nan na san babarsa."

"Ko ka ba shi kwanso ya riƙe maka!"

Haka ake yi har Twila ta fara kife kujeru. Duk shekara maganar ɗaya ce, barkwancin ɗaya ne, kuma duk shekara sai an yi dariya kamar yau aka fara ji. Sai dai teburin ya yi ta raguwa. Benny ya rasu da ciwon huhu. Biyu sun koma Arizona wurin 'ya'yansu don gudun sanyi. Wasu idanunsu suka gaza, wasu zuciyarsu. Bara su biyu ne, Del da Wendell. A watan Janairu ɓarin jikin Wendell ya shanye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Kearney, tafiyar awa uku. Del ya je sau biyu. Wendell yana kallonsa, bakinsa na motsi, magana ba ta fita.

Wasiƙar bana ta zo da ƙarin layi biyu a ƙasa. An canja ƙa'ida. A zangon da ake harba shida, a sake loda, a harba wasu shida, an rage lokaci daga sakan arba'in da biyar zuwa talatin, kuma duk wanda bai gama kafin usur ba ya faɗi, ko da sauran harbinsa ya yi kyau. Gwaji biyu ake bayarwa. Wanda ya faɗi duka biyun za a cire sunansa daga jerin.

Del ya karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, ya sake karantawa a zaune. Ran Lahadi da yamma 'yarsa Colleen ta kira daga Denver, kamar yadda ta saba, tana tuƙi tana magana.

"Baba, to mene ne abin damuwa? Ai yanzu a jiharku ba a ma buƙatar kati. Sai in za ka fita wata jiha, kai kuwa yaushe rabonka da ka wuce Kearney?"

"Haka ne."

"Kuma wa ke binka? Shekararka saba'in da uku. Ka ajiye ta ka huta."

"Haka ne, 'yata."

Ba ta yi ƙarya ba. Katin ba ya tsinana masa komai. Abin da ya kasa gaya mata shi ne, a duk wasiƙun da ke shigowa akwatin nan cikin shekara, wannan kaɗai ce ke cewa ana jiransa a wani wuri, ran kaza, ƙarfe kaza. Ya ji kunyar faɗi. Ya tambaye ta lafiyar yara, ta ce za ta shiga wani wuri da ba sabis.

Mako biyar ya yi yana horo a kicin. Ya ɗebo kwanso daga kwalbar Arlene, ya ɗauko ɗan agogon da take dafa ƙwai da shi. Idan ya zuba a aljihu, sakan talatin da huɗu yake yi. Idan ya bar su suka zube ƙasa, ashirin da bakwai. Maganin a fili yake, ko ɗan yaye ya gane: ka buɗe hannu kawai. Ya yi ta yi safe da yamma, kwanso na tarwatsewa a daɓe, yana rarrafe da gwiwoyinsa masu ƙara yana zaƙulo su daga ƙarƙashin firji da tsintsiya. A mako na huɗu ya yi sau ashirin a jere bai kuskure ba. Ya gaya wa agogon ƙwai cewa an gama.

Ranar ta zo da iska mai sanyi daga arewa. Ya goge takalmi, ya sa rigar da Arlene ke cewa tana mayar da shi mutum, ya shiga a-kori-kurarsa. Ya isa ramin da saura minti arba'in, ya zauna a mota yana kallon ciyawa na kaɗawa har Sajan Yolanda Ruelas ta iso. Ita ke kula da harbin ofis shekara shida ke nan, mace mai kimanin arba'in da biyar, ba ta da yawan magana. Del ya san mahaifinta tun mutumin yana aiki a mayanka.

"Mista Kovar, kai kaɗai ne bana," ta ce tana fito da takardun saiti daga bayan mota. "Mutum ɗaya na fito wa cikin iskar nan. Ka ga matsayi."

"Da kin ce in zo ofis in harbi bango, in rage miki wahala."

"Sherif zai so haka. Ya lafiyar Mista Stroud?"

"Yana nan. Yana ci."

Ta manna takarda mai zanen mutum a jikin katako. Zangon farko da na biyu ya wuce su ba gardama, ramukan sun taru a ƙirjin zanen yadda bakin kofi zai rufe su. Yolanda ta duba ta girgiza kai.

"Da yaranmu na ofis na harbi haka, da na yi ƙiba. To ga na lodin. Ka ga sabuwar ƙa'ida ko? Don Allah ka bar su su zube. Ni zan tsince."

"Na yi horo."

Ya gyara abin toshe kunne, ya tsaya. Usur ya tashi. Shida suka fita a jere, tsaf. Ya buɗe gangar, ya buga, ya fara cusa sababbi bibbiyu, yana jin daɗin yadda yatsunsa ke tafiya. Ya rufe, ya ɗaga, ya harba uku, usur ya katse shi. Ya tsaya yana mamaki. Ya duba ƙasa gaban takalminsa, babu komai sai tsakuwa. Sai a lokacin ya ji ɗumi a cinyarsa ta hagu.

Wallahi bai san lokacin da hannun ya je ba. A kicin babu ƙarar harbi, babu warin albarushi, babu usur. Nan kuwa da hancinsa ya shaƙi hayaƙin, hannun ya koma wurin maigidansa na farko, tsoho Ostrander.

Yolanda ba ta yi dariya ba. Ta zare tata daga kube, ta cire harsasan, ta miƙa masa ta ƙota.

"Ƙa'ida ba ta ce da wacce za ka yi ba. Wannan gidan harsashin kawai za ka sake, ka cusa wani. Sakan biyu. Ka ci katinka, ka koma wa tsohuwarka."

Ya karɓa. Ba nauyi, kamar ya riƙe waya. Bindiga ce mai kyau, ya san da haka, ya ga abin da take yi. Ya riƙe ta ɗan lokaci don kada ta ji ya raina kyautarta, sannan ya mayar.

"Na gode, Sajan. Da wannan aka san ni."

"Taurin kai dai."

"Haka matata ke cewa."

Ya sake loda, ya tsaya. A ransa yana ta maimaita abu ɗaya: buɗe hannu, buɗe hannu. Usur. Shida suka fita. Ya buga gangar, kwanson suka zubo a tafinsa da zafinsu, hannun ya fara tafiya, ya tsayar da shi da ƙarfin tsiya, ya buɗe yatsu. Suka zube a tsakuwa, ƙil ƙil ƙil. Rabon da ya ji wannan ƙarar a ramin nan tun yana sabon shiga. Idonsa ya bi su. Gwiwarsa ta lanƙwashe, bayansa ya sunkuya, hannunsa ya miƙa ƙasa, har ya taɓa ɗaya kafin ya tuna inda yake. Ya miƙe a gigice, ya cusa harsasan, ya harba, ya harba. Usur ya same shi da ɗaya a ciki.

Iska ta ci gaba da kaɗa takardar. Yolanda ta daɗe tana kallon agogon hannunta.

"Ka san wani abu," ta ce, "ina jin na danna da wuri. Safar hannun nan ba ta barin mutum ya..."

"Kin danna daidai."

"Mista Kovar, ba kowa a nan sai ni da kai."

"Shi ya sa." Ya buɗe gangar ya zare harsashin da ya rage, ya sa a aljihun riga. "Shekara talatin da ɗaya ina rubuta rahoto, ban taɓa rubuta abin da ban gani ba. Ba zan sa 'yar Ruelas ta fara a kaina ba. Rubuta abin da agogo ya ce."

Ta rubuta. Ta ce zai iya neman a mayar da sunansa, akwai fom, sai dai yanzu ana haɗawa da takardar likita. Ya ce zai duba. Dukansu sun san ba zai duba ba. Ya durƙusa a hankali ya tsince shidan da suka zube, ta bar shi, ba ta taya shi ba, kuma ya gode mata a ransa.

Har ya buɗe ƙofar mota ya juyo.

"Sajan, wasiƙar nan ta Satumba, wa ke rubuta ta?"

"Kwamfuta ke fitarwa daga jerin. Ni dai hannu nake sawa."

"To. Hannunki na da kyau."

Ya biya shagon Twila don bai san wata hanyar komawa gida daga ramin ba. Babban teburin na nan kusa da taga, an ɗora masa kwalayen tsinken tsotson lemo. Twila ta taho tana goge hannu, ta fara kwashe su.

"Ga jarumin gundumar nan! Teburin mutum tara, ranka ya daɗe? An ci?"

"Bar su, Twila. Nan ma ya isa."

Ya zauna a kan doguwar kanta, kan kujera mai juyawa, tsakanin wani direban babbar mota da injin gasa burodi. Ta dube shi, ta zuba masa gahawa, ta kawo kolaci biyu maimakon ɗaya, ba ta sake tambaya ba. Direban yana kallon wayarsa. Del ya ci ɗaya, ta naɗe masa ɗayan a takarda.

Rana ba ta yi sanyi ba ya isa gida. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin, ya goge libarbar da tsumma da mai kamar yadda yake yi bayan kowane harbi, ɗaki shida ɗaya bayan ɗaya. Babu dokar da ta hana shi mayar da ita ƙugu. Ya naɗe ta a tsumman, ya sa a akwatin ƙarfe da ke ƙasan kabad, ya kulle. Da ya taso zuwa falo sai kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa, don har yanzu jikin na karkacewa hagu, ba abin da ke riƙe shi ta dama.

Ya kira Colleen. Wayar ta yi ta ƙara, sai muryarta da aka naɗa ta ce a bar saƙo. Ya ce ba komai, gaisuwa ce.

Sai ya shiga ɗakin wanki ya cire wandon, gwiwoyinsa duk ƙurar tsakuwa. Ya laluba aljihun dama ya fito da shidan da ya tsince, ya jefa a kwalbar Arlene. Ya laluba na hagu, ya ji ɗaya shidan, waɗanda hannunsa ya adana ba da saninsa ba. Ya fito da su, sun huce. Ya tsaya da su a tafin hannu yana kallon kwalbar, kuma kaɗaici ya danne shi yadda bai taɓa yi ba, don ya gane waɗannan ne na ƙarshe da za su shigo gidan nan.

Ya mayar da su cikin aljihun. Ya jefa wandon a inji, ya zuba omo, ya kunna. Ya jawo kujerar da Arlene ke zama tana ninke kaya, ya zauna da gajeren wando da safa, ya jira ruwa ya gama cika. Injin ya fara juyawa. Can sai ƙarar ta taso, kwaram, kwaram, ta cika ɗakin, ta fita har falo. Del ya jingina kansa da bango, ya bar ta tana yi.